Yadda Ake Kunna Manyan Saitin Anti-bairos a Kwamfutar Gida, a Kuma Gwada Ko Suna Aiki

Duk wanda ya taɓa kai laftof gyara a Bauchi, ko a wajen Wunti ne ko a shagunan da ke zagaye da makarantu a Yelwa da Gwallameji, ya san maganar da ake sallamarsa da ita: "Na saka maka anti-bairos, Malam, ba ka da matsala." Daga baya sai ya ji ana zancen wasu manyan saiti, masu tare bairos ɗin da ke kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, masu hana manhaja tashi daga filasha, sai ya fara tambaya: waɗannan suna aiki a kwamfutar gida kuwa, ko sai ta banki da ta ma'aikatu?

Mafi yawansu suna aiki. Injin Microsoft Defender, anti-bairos ɗin da ke zuwa a cikin Windows 10 da Windows 11, guda ɗaya ne, ko bugun Home ne a hannunka, ko Pro, ko Enterprise. Abin da kamfanoni ke biya wa kuɗi shi ne wurin sarrafawa: jami'i ɗaya ya zauna a ofis ya saita kwamfuta ɗari biyar, ya kuma ga rahoton kowace. Kai mai kwamfuta ɗaya ba ka buƙatar wannan. Abin da bugun Home ya rasa shi ne Group Policy Editor, wani shafin canza manyan saitin Windows wanda yawancin bayanan intanet ke cewa a buɗe. Mutum ya rubuta gpedit.msc, umarnin buɗe shi, Windows ta ce ba ta san shi ba, sai ya yanke hukuncin cewa saitin ba na irin kwamfutarsa ba ne. Alhali akwai wata hanyar.

Sai dai a nan wurinmu, ba bugun Windows ke kashe waɗannan saiti ba. Abubuwa uku ne: Defender ba shi ke riƙe da tsaron ba, ko an huda shi don a shigar da manhajar sata, ko ya yi watanni bai ga intanet ba. Saboda haka tsarin matakan nan yana da muhimmanci. Kada ka tsallake na farko ka faɗa na ƙarshe don shi ya fi kama da aikin ƙwararru.

Da farko, wace Windows ce a hannunka?

Danna madannin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Akwatin da zai fito zai gaya maka ko 10 ce ko 11, Home ko Pro, da lambar bugun.

In Windows 7 ce ko 8.1, tsaya a nan. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, da 8.1 tun 10 ga Janairu 2023, kuma saitin da za mu yi magana a kai ba su cikinsu. Yawancinsu sun shigo ne da bugun 1709 na Windows 10, a ƙarshen 2017. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Microsoft ta buɗe wa masu kwamfutar gida shirin ƙarin shekara guda, wanda ake kira ESU, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ta kuma ce bayanan gane bairos na Defender za su ci gaba da zuwa wa Windows 10 har Oktoban 2028. Wannan ya shafe mu sosai, domin laftof ɗin tokumbo da suka cika kasuwa da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba: tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a jikin na'urar, kuma a ɓangaren Intel galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Mai Windows 10 zai iya bin kusan duk matakan nan, amma ya sani anti-bairos ba ya toshe ramukan da ke jikin Windows ɗin kanta.

Wa ke riƙe da tsaron?

Ga dokar da komai ya rataya a kanta. Da zarar an shigar da wani anti-bairos cikakke, Avast ne ko AVG ko Kaspersky ko McAfee, Defender yakan ja gefe ya bar masa fili. Kuma manyan saitin Defender ba sa aiki sai shi ne ke kan gaba, da kariyarsa ta nan-take a kunne. Za ka iya rubuta umarnin kunna su, amma ba abin da za su tare.

Danna Start, ka rubuta PowerShell, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka danna shi da madannin dama na linzami, ka zaɓi Run as administrator. Rubuta wannan:

Get-MpComputerStatus

Jeri mai tsawo zai zubo. Layi huɗu kawai za ka nema. AMRunningMode ya ce Normal. RealTimeProtectionEnabled ya ce True. IsTamperProtected ya ce True. AntivirusSignatureLastUpdated kuma ya nuna kwanan watan yau ko na jiya, ba na azumin bara ba. In layin farko ya faɗi wani abu daban, to akwai wani a kan kujerar.

Yanzu sai ka zaɓa. In ka sayi anti-bairos da kuɗinka, lasisinsa na raye, kana sabunta shi, riƙe abinka. Irin waɗannan suna da nasu saitin kare folda da na tantance shafuka, sai ka neme su a cikinsa. In kuwa na gwaji ne da ya mutu tun tuni, ko wanda aka saka da makullin bogi, cire shi ta Settings, sashen Apps, ka sake kunna kwamfutar, ka maimaita umarnin. A ra'ayina, Defender da ake sabuntawa ya fi duk wani babban suna da ya daina karɓar sabuntawa. Smadav, wanda kusan kowane shagon buga takardu ke da shi, masu shi a Indonesiya sun ƙera shi ne a matsayin mataimaki, musamman don filasha. Ba laifi ya zauna, amma kada a ɗauke shi a matsayin babban tsaron.

In umarnin ya dawo da jan rubutu, ko Windows Security ta buɗe fayau ba komai a ciki, mai yiwuwa irin Windows ɗin nan ce da ake yi wa aski don ta yi sauri a tsohuwar kwamfuta, aka cire Defender ɗungurungum. Wannan ba saitin da zai gyara ta. Sai a kwashe fayiloli, a sauko da Windows ta asali daga shafin Microsoft, a sake sakawa.

Duba abin da aka keɓe

Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, danna Manage settings, gangara ƙasa zuwa Exclusions, danna Add or remove exclusions. Duk abin da ke cikin wannan jerin, an gaya wa Defender ya kau da kai daga gare shi.

A sabuwar Windows jerin babu komai. A laftof ɗin da ta bi ta hannu biyu ko uku, za ka iya tarar da foldar Downloads, ko wata foldar manhajar fasa lasisi mai KMS a cikin sunanta, ko ma C:\ gaba ɗaya, wato kwamfutar duka. Ba mugunta ke sa masu gyara yin haka ba. Kwastoma na son Office da CorelDraw da AutoCAD a dubu biyu, Defender kuma na cafke manhajar fasa lasisi duk lokacin da ya gan ta, sai a keɓe foldar aiki ya tafi. Mai gyaran zai ce maka, "Ƙarya yake, Yallaɓai, ba bairos ba ne." Wani lokacin gaskiyarsa ce. Wani lokacin kuma ba shi da yadda zai sani, domin shi ma sauko da ita ya yi daga inda bai san mai shi ba. Bairos ɗin kuɗin fansa da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya addabi masu kwamfutar gida tun wajen 2018, ta manhajar sata ya fi yaɗuwa. Yakan kulle fayiloli, ya ajiye takarda mai suna _readme.txt, ya nemi dala 980, ko 490 in an tuntuɓe su cikin awa 72. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Cire duk abin da ba kai ka saka da saninka ba. In Office ɗinka ya fara kukan lasisi bayan haka, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Office na burauza ma kyauta ne ga mai asusun Microsoft.

Bayan ka share jerin, koma Virus & threat protection, danna Scan options, zaɓi na ƙarshe, wanda ake kira offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike kafin Windows ta farka, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Yana cin kamar minti 15. Tabbatar batirinka na da caji ko kana kan janareta, kada wuta ta ɗauke a tsakiya.

Sabuntawa, da maganar data

A shafin nan na Manage settings akwai makunnai huɗu: Real-time protection, Cloud-delivered protection, Automatic sample submission, Tamper protection. Kunna su duka. Na ƙarshen shi ke hana wata manhaja kashe sauran ta bayan fage.

Na biyun shi ne wanda mutanenmu suka fi raina wa, kuma shi ya fi nauyi. Idan Defender ya ga fayil ɗin da bai sani ba, yakan dakatar da shi na ɗan daƙiƙu, ya tambayi rumbun Microsoft ta intanet. Cibiyoyin da ke gwada anti-bairos, irin su AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya, sun sha nuna cewa Defender ya fi gane bairos idan akwai intanet fiye da idan babu. Ma'ana, laftof ɗin ɗalibin da ba ta shiga intanet sai ranar rajistar makaranta, amma kullum ana cusa mata filasha, tana tafiya ne da rabin ƙarfinta. Tambayar da yake aikawa ba ta cin data ta a-zo-a-gani. Al'ada mai kyau ita ce ka kunna hotspot na wayarka kafin ka buɗe filashar da ta kwana a waje.

In ka saita haɗinka a matsayin metered don tsimin data, sabuntawa na iya jinkiri. To ka riƙa yi da hannu: Virus & threat protection, Protection updates, Check for updates. Wanda ke sabuntawa kullum ƙaramin abu yake saukowa da shi. Wanda ya bari ya taru shi ke jin jiki. Ga kwamfutar da ba ta da intanet sam, ana iya sauko da fayil ɗin mpam-fe.exe daga shafin Microsoft a wata kwamfutar, a kawo shi a danna.

Sai ka leƙa App & browser control, cikin Reputation-based protection settings, ka tabbatar Check apps and files da Potentially unwanted app blocking suna kunne. Wannan na biyun ne ke tare tarkacen da ke maƙalewa a jikin manhajar kyauta su cika maka burauza da talla.

Kafin ka ci gaba, gwada. Akwai wani ɗan fayil mai haruffa 68 da ake kira EICAR, ba ya cutar da komai, amma masu anti-bairos sun amince su ɗauke shi tamkar bairos don gwaji. Je eicar.org ka yi ƙoƙarin sauko da shi. Ya kamata burauza ko Defender ya tare shi nan take, ka kuma ga labarinsa a Protection history. In ya sauka ya zauna lafiya a Downloads, koma baya, akwai matakin da bai kammala ba.

Kulle foldojin da ke da daraja

Yanzu muka iso manyan saitin. Na farko sunansa Controlled folder access, yana nan a Home ba tare da wata dabara ba, amma a kashe yake zuwa. Hanyarsa: Virus & threat protection, gangara zuwa Ransomware protection, danna Manage ransomware protection, kunna.

Aikinsa ya bambanta da na binciken bairos. Shi bai damu da sanin sunan bairos ba. Abin da yake yi shi ne hana duk manhajar da bai amince da ita ba canza ko goge fayil a foldojin da aka ba shi. Ko da bairos sabo fil ne, in ya zo kulle takardunka zai tarar ba shi da izinin rubutu. Danna Protected folders ka ga jerin: Documents, Pictures, Videos, Music da makamantansu. In Desktop ba ya ciki, ƙara shi, domin a nan yawancinmu ke jibge furojet da takardun shago. Mai ajiya a D: shi ma ya ƙara foldarsa.

Gwajinsa mai sauƙi ne, domin PowerShell na cikin abubuwan da wannan saiti bai yarda da su ba. Rubuta:

echo gwaji > $HOME\Music\gwaji.txt

In yana aiki, jan rubutu zai fito, a kusurwar dama ta ƙasa kuma sanarwa ta ɓullo cewa an tare canjin da ba a ba da izini ba. Leƙa foldar Music, ba za ka ga gwaji.txt ba.

Sai dai ka shirya wa ɗan ciwon kai a makon farko. Tsofaffin manhajoji, na sikana, na lissafin shago, na zane, wasu za su ƙi ajiye aiki. Kuma ba za su ce maka Defender ne ya hana ba. Za su ce ba su ga foldar ba, ko faifan ya cika, ko su yi shiru kawai. Ka hango mai buga katin biki: ya gama zane, amarya da ƙawayenta na tsaye a kansa, ya danna ajiye, manhaja ta ce babu wannan folda, alhali ga ta yana kallo. A nan ne mutane ke fushi su kashe saitin baki ɗaya. Ba sai an kai ga haka ba. Koma shafin, danna Allow an app through Controlled folder access, sai Add an allowed app, sai Recently blocked apps. Sunan manhajar zai fito tare da inda take zaune. In ka san ta, kuma tana cikin Program Files, ba ta izini. In sunan baƙo ne, yana zaune a AppData ko Temp, kada ka taɓa. Wataƙila abin da ka kunna saitin dominsa ke nan. Kada kuma ka ba powershell.exe ko cmd.exe ko wscript.exe izini don kawai sanarwa ta dame ka, domin da su bairos ke aiki.

Dokokin ASR: inda PowerShell ke maye gurbin gpedit

Waɗannan su ne ake yawan cewa na kamfanoni ne. Cikakken sunansu Attack Surface Reduction, kuma dokoki ne da ke hana wasu ɗabi'u da mutumin kirki ba kasafai yake buƙata ba amma bairos ke dogaro da su: takardar Word ta tayar da wata manhaja, fayil daga imel ya kama aiki da kansa, manhaja marar sa hannun kamfanin da ya ƙera ta ta tashi daga filasha. Ba su da makunni a Windows Security. Microsoft ta fi ambaton Pro da Enterprise idan tana zancensu, amma Defender na bugun Home yana karɓarsu ta PowerShell.

Kowace doka tana da doguwar lamba. Kwafe ta za ka yi, kada ka rubuta da hannu. Kuma kada ka fara da tarewa. Fara da yanayin sa ido, inda dokar za ta rubuta abin da da ta tare amma ta bar shi ya wuce. A PowerShell na administrator:

Add-MpPreference -AttackSurfaceReductionRules_Ids b2b3f03d-6a65-4f7b-a9c7-1c7ef74a9ba4 -AttackSurfaceReductionRules_Actions AuditMode

Wannan ita ce dokar filasha da katin memori. Lura da kalmar farko: Add ce, ba Set ba. Set takan share dokokin da ka saka a baya ta bar sabuwar kaɗai.

Dokokin sun haura goma sha biyar, amma ga gida waɗannan nake ganin sun isa a fara da su. Maimaita umarnin, kana canza lambar kawai.

5beb7efe-fd9a-4556-801d-275e5ffc04cc tana tare rubutattun umarni da aka cukurkuɗa don a ɓoye manufarsu.

d3e037e1-3eb8-44c8-a917-57927947596d tana hana JavaScript da VBScript tayar da abin da suka sauko da shi.

d4f940ab-401b-4efc-aadc-ad5f3c50688a tana hana Word da Excel da 'yan'uwansu tayar da wata manhaja.

be9ba2d9-53ea-4cdc-84e5-9b1eeee46550 ta fayilolin da ke zuwa ta imel ce.

c1db55ab-c21a-4637-bb3f-a12568109d35 ƙarin kariya ce daga bairos ɗin kuɗin fansa, kuma ba ta aiki sai Cloud-delivered protection na kunne.

Don tabbatar sun zauna, rubuta Get-MpPreference ka nemi layukan da suka fara da AttackSurfaceReductionRules. Lamba 2 sa ido ce, 1 tarewa, 0 a kashe.

Yi aikinka yadda ka saba na mako guda ko biyu. Sannan danna Start, ka rubuta Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ka buɗe shi, ka bi Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, Windows Defender, Operational. Lamba 1122 na nufin doka ta ga abu a yanayin sa ido. 1121 na nufin ta tare. Na Controlled folder access kuwa 1123 ne. Buɗe kowace 1122 ka karanta sunan fayil ɗin. In babu manhajarka ta aiki a ciki, maimaita umarnin dokar, ka sa Enabled a madadin AuditMode. In wata doka ta takura maka daga baya, Disabled ke kashe ta. Microsoft na da fayilolin gwaji marasa cutarwa ga dokokin. Nemi Microsoft Defender demonstration scenarios, ka gwada ɗaya, ka ga ko 1121 ta fito. Wannan ce hujjar da ta fi maganar kowa, har da tawa.

Akwai biyu da nake ba da shawarar a bari. Dokar da ke tare duk manhajar da ba ta shahara ba ko ba ta daɗe ba tana da ƙarfi, amma ɗalibin kimiyyar kwamfuta a ATBU da ke rubuta manhajarsa zai ga ta tare aikin hannunsa. Ɗayar kuma, mai hana macro, wato ƙananan umarnin da ake cusawa cikin takardun Office, kiran ayyukan Windows kai tsaye (Win32), tana da tarihi: ranar 13 ga Janairu 2023 wata sabuntawa mai kuskure ta sa ta goge gajerun hanyoyin manhajoji daga Start da Desktop a kwamfutoci masu yawa a duniya. An gyara, amma ya nuna cewa kunna komai da komai ba shi ne ƙwarewa ba. Tun 2022 ma Office kan toshe macro na takardun da aka sauko da su daga intanet.

Filashar da ta je shagon buga takardu

Kusan kowa a garin nan ya san wannan. Ka kai aiki a buga, ka dawo gida, ka buɗe filasha, foldojinka duk sun koma masu ɗan kibiya a gindi, kowace nauyinta bai wuce 1 KB ko 2 KB ba. Fayilolinka na nan, ɓoye su aka yi. Kibiyar kuma tarko ce: kana danna ta, za ta buɗe maka foldar don kada ka yi zargi, ta tayar da bairos a bayan fage.

Dokar filasha ita kaɗai ba lallai ta kama wannan ba, domin ta fi kula da fayiloli irin .exe da .dll da .scr, shi kuwa sau da yawa da rubutun .vbs ko .js yake aiki. Shi ya sa na haɗa ta da dokokin rubutattun umarni. Kai ma da naka aikin. Kada ka danna komai. Danna filashar da madannin dama, ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show more options. Bayan ya gama, buɗe Command Prompt, in harafin filashar E ne ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin gaskiya za su bayyana. Goge masu kibiyar da duk wani .vbs ko .js da ba ka san shi ba, kwashe fayilolinka, ka yi wa filashar fomat. A File Explorer kuma kunna File name extensions, don ka riƙa ganin bambancin Result.pdf da Result.pdf.exe. Mafi sauƙi daga duk wannan: tura wa mai shagon takardar ta WhatsApp ko imel a matsayin PDF, filasharka ta zauna a aljihu.

Biyu da suka dogara da ƙarfin na'ura

A Device security, cikin Core isolation, akwai Memory integrity. Yana hana gurɓataccen direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da kayan na'ura, kutsawa cikin zuciyar Windows, kuma yana aiki a Home. Gwada kunna shi. In ya ƙi, zai nuna maka direbobin da suka hana, galibi na tsohon modem ko firinta ko manhajar filashin waya. A Intel ƙarni na 7 zuwa sama ba ka cika jin nauyinsa ba. A wadda ta girmi haka, mai RAM 4 GB, in ka ga ta fara jan ƙafa, kashe shi ba zunubi ba ne.

Smart App Control kuwa na Windows 11 ne kaɗai, daga bugun 22H2. Yana tare duk manhajar da ba ta da sa hannu ko suna mai kyau, kuma ba ya karɓar roƙo a kan manhaja ɗaya. Ya dace da kwamfutar Hajiya ko ta yara, wadda burauza da Word kawai ake buɗewa. Mai gyaran waya ko mai rubuta manhaja ba zai jure shi ba.

Abin da ya rage a hannunka

Bairos ɗin da ya samu ikon administrator yana iya cusa kansa cikin Exclusions, kuma ikon nan kai ne ke miƙa shi duk lokacin da akwatin nan ya fito yana tambaya ka danna Yes ba ka karanta ba. In kwamfutar ta gida ce da ƙanne da yara ke taɓawa, shiga Settings, Accounts, ka buɗe musu asusu na daban a matsayin Standard user, ka riƙe kalmar sirrin babban asusun. Duk wasan da suka sauko da shi da ke neman ikon administrator, sai sun zo wurinka.

Babu kuma ɗaya daga cikin saitin nan da zai hana wanda ya kira ka a waya da sunan banki karɓar OTP ko lambar katinka in kai ka karanta masa, haka ba su da magani in faifan kwamfutar ya mutu ko an sace ta a tasha. Don haka ka samu faifan waje, ka kwafe Documents da Pictures da Desktop a kai duk ƙarshen mako, ka zare shi ka ajiye a durowa. Wanda aka bari a maƙale, bairos ɗin kuɗin fansa kan kulle shi tare da sauran. Takardun da ba su da nauyi, irin furojet da takardun shaida, ka ƙara ajiye su a Google Drive, mai ba da 15 GB kyauta, ko OneDrive mai ba da 5 GB.

Duk ranar da kwamfutar ta dawo daga wurin gyara, ko da madanni ɗaya aka canza, sake rubuta Get-MpComputerStatus, ka leƙa Exclusions, ka sauko da EICAR. Minti biyar ya isa.